Magein Ƙofar Gida Ya Yi Fure

Ya Eleuterio, mijina, inuwar kaina, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasarmu ta Meskital,

Magein da ka dasa a ƙofar gida, tsiron nan mai kaurin ganye da ƙaya, ya yi fure. Wa zan gaya wa in ba kai ba?

Ka tuna ranar? Ka ciro shi ɗan mitsitsi daga gindin uwarsa, ka shanya shi a rana har na ce ai ya mutu. Ka yi dariya, ka ce magei sai ya sha wuya yake kama ƙasa, kamar mijin Bibianarka. Ka yi mini alkawari ran da ya nuna, ƙoƙon farko na ruwan zaƙinsa nawa ne, kafin a kai saura tukunyar fulke, giyar da ake yi da shi. Ya nuna, Terio. Kai ne ba ka jira ba!

Bayan mun binne ka, ƙaninka Hilario ya zo da wuƙa zai ƙwaƙule zuciyar magein don ruwan ya taru. Na tare shi. Ya ce, "Matar yaya, ko da shi za ki yi sabon aure? A yanka ko kada a yanka, mutuwa zai yi. Gara mu sha." Gaskiyarsa. Wa bai sani ba a ƙasar nan, magei sau ɗaya yake fure, ya bi furen da ransa? Amma ta yaya zan bari ƙarfe ya shiga abin da hannunka ya taɓa?

Yanzu ga kara ya tsiro daga tsakiyarsa, ya wuce rufin ɗaki, kullum safiya sai na ƙara ɗaga kai. Furen rawaya kamar gwaiduwa. Maƙwabta na roƙon in bari su tsinko a soya da ƙwai, yadda kake so, kana lasar yatsu kana cewa gishiri bai ji ba. Na hana. Tsuntsaye ke sha. A ƙasa kuwa, ganyen nan masu kauri kamar damtsenka suna yaushi, suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi ruwa, na tara masa ƙasa, na yi ta lallashinsa kamar yadda na lallashe ka a kan shimfiɗa. Wayyo ni! Sau biyu ke nan ina kallonka kana tafiya, hannuwana ba su tsinana komai ba.

Zumar bakina, me zan yi? Ko a mafarki ne ka zo ka gaya mini.

Abu ɗaya na sani. In karan ya bushe, ba zai ga murhu ba. Hilario zai sare mini shi mu ɗora a rufi, daidai saman shimfiɗarmu, inda azara ta ruɓe kake ta cewa gobe za ka gyara. Ƙoƙon nan na yafe maka. Amma gyaran rufin, Terio, sai ka yi shi.

Taka, mai kwana a ƙarƙashinka har ran da za a kwantar da ita a gefenka,
Bibiana