Za Mu Kawo Inna Alƙahira

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Gummi sai godiya.

Idon Inna ya ƙara dushewa, yanzu sai da murya take gane mu. Da na gaya wa Kawu Bello ka samo mata likita a Alƙahira, sai ya ce tsohuwa ba za ta jure wannan nisa ba, a ƙyale ta. Ban haƙura ba. Na tambayi maƙwabciyarmu da ta taɓa zuwa, ta ce daga filin jirgin Kano zuwa naku awa biyar ba ta cika ba. Motar Gummi zuwa Kano ta fi haka daɗewa.

Da Inna ta ji, ta ce wa Kawu, "Bello, in dai zama ne, na iya shi. Za ni."

Fasfonmu ya fito, ni zan rako ta. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Inna ta ce ka daina aiko hoton jaririyarku, da idonta za ta gan ta.

Ƙanwarka,
Hadiza