Tankaɗen Mutumin Ingila

Ɗanzomo,
12 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga Yaya Ilu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ba ka juriyar sanyin Ingila. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Mai ɗakina Hannatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata A'i.

Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Inna a ƙofar ɗakinta. Ka san kunyarta da ɗan fari: ta juya baya tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji, alhali kunnenta na wurina. Na yi mata bayanin aikinku yadda ka rubuta, cewa kun yi wa kwamfuta sabon tsarin da zai riƙa tafiyar da ita, kuna gwada shi da sa ta tsamo lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha ɗaya, in ta tsallake guda to da sauran gyara. Don ta gane, na ce kamar tankaɗe ne, gari ya zube, tsaki ya tsaya a rariya.

Nan fa na jawo wa kaina. Da ta ji ka ce sai aiki ya kammala za ka zo, sai ta ɗauka ƙwarya guda aka auna maka. Yanzu duk na dawo daga makaranta sai ta tambaya ko garin mutumin Ingila, wato kai ke nan, saura da yawa. Ni da nake koyar da lissafi na san lambobin nan ba su da ƙarshe, amma bakina ya yi nauyi, kullum sai in ce saura kaɗan.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, yanar idonta ta ƙaru. Mun kai ta Gumel, likita ya ce sai haƙuri. Ranar kasuwar Maigatari ɗan Kawu, Barau, ya shigo, ka san tsawonku ɗaya, ta miƙe zumbur har gyaɗar ta zube. Da ya yi sallama ta koma ta zauna, ta ce ƙafarta ce ta yi tsami. Ni ma kewarka ta ishe ni. Zumunta a ƙafa take, ka nemi hutu ko na wata guda ne.

Baba Ɗantsoho da Goggo Kande da mai jego suna gaishe ka. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ta. Ta dai ce in rubuta cewa duk mai zuwa daga nesa ya daure ya iso da hantsi, don a lokacin ne take iya gane fuska.

Ni ne ƙanenka,
Hussaini.