Masai Goma Sha Shida a Lugbe

Nyanya, Abuja
3 ga Afrilu, 2006

Yaya Rakiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da aikin kotu. Na yi ta neman wayarki layi ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san gidajen haya takwas da na gina wa Alhaji Saleh a Lugbe. Wata Juma'a ya zo duba aiki, ya leƙa banɗaki, ya fito ransa a ɓace. Ashe mai zanen ginin ya sa kowane masai yana fuskantar alƙibla. Nan take ya ce in juya su duka, goma sha shida. Na fasa daɓe, na sake bututu, na juya.

Allah ya yi wa Alhaji rasuwa a watan jiya. Yanzu ɗansa Nazeer, wanda ke aiki a ma'aikata, ya zo da zane yana aunawa, wai na saɓa yarjejeniya. Ya ƙi sa hannu a takardar kammala aiki. Idan ban samu takardar nan kafin ƙarshen wata ba, ba zan shiga neman kwangilar sababbin gidajen hanyar filin jirgi ba, aikin da na shekara biyu ina jira. Ga kwafin yarjejeniyar. Ki gaya wa yaron nan doka, tunda ni bai ɗauke ni a bakin komai ba.

Ƙaninki,
Ilyasu

Kaduna
9 ga Afrilu, 2006

Ilyasu,

Muna lafiya. Allah ya jiƙan Alhaji.

Na karanta yarjejeniyar, abin da na tabbata kai ba ka taɓa yi ba. Sashe na goma sha ɗaya ya ce duk canjin da za a yi wa zane sai da rubutaccen umarni daga mai gidajen ko mai zane. Kai ka sa hannu a ƙasa, har da wannan lanƙwasar da kake yi wa sunanka tun muna firamare.

Nufin Alhaji mai kyau ne, kuma da ni ce ma sai in juya. Amma alƙali ba zai tambayi ina gabas take ba, takarda zai tambaya. Ka cika mini shafi guda da ƙorafi, ka kasa rubuta wa Alhaji layi biyu yana da rai. Wallahi ka gajiyar da ni.

Ka zauna ka yi tunani. Babu wanda ya rubuta komai a ranar?

Yayarka,
Rakiya

Nyanya
15 ga Afrilu, 2006

Yaya,

Na ga saƙonki, na kuma sha faɗan. Amma ki yi mini adalci. Dattijo sa'an mahaifinmu ya yi magana a kan addini, sai in miƙa masa biro in ce ban yarda ba sai ya rubuta? Da wane idon zan dube shi?

Tambayarki kuwa ta hana ni cin abinci. Akwai Albert, mai aikin famfo, mutumin Pankshin. A ranar ya ɗauko wani littafi da yake rubuta ayyukansa, ya bi Alhaji har mota yana cewa, “Baba, ka sa hannu a nan, gobe kar a ce ni na ɓata.” Alhaji ya yi dariya ya sa. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Da motar ta tashi na wanke Albert tas a gaban leburori, na ce ba shi da tarbiyya, na kore shi. Ya tafi da littafinsa.

Christiana mai sayar mana da abinci ta san gidansa. Na aika ta ta ce masa ya kawo littafin, zan mayar da shi aiki idan kwangilar ta fito.

Ilyasu

Kaduna
19 ga Afrilu, 2006

Ilyasu,

Sallama. Mutum ɗaya ne a wurin nan ya san aiki, shi ka kora. Idan akwai kwanan wata da sa hannun Alhaji a littafin, Nazeer ba shi da ta cewa. Saura kwana goma sha ɗaya, kai kuma kana aike. Ka tashi ka je da ƙafarka.

Rakiya

Nyanya
21 ga Afrilu, 2006

Oga Ilyasu,

Ina gaisuwa. Yaya aiki?

Christiana ta kawo saƙo. Littafi yana wurina lafiya, sa hannun Baba yana ciki, da kwanan wata. Ba na riƙe ka a zuciya.

Amma maganar za ka mayar da ni aiki, da baki ta zo. Oga, ka rubuta, ka sa hannu, ka kawo da kanka. Ina gida.

Naka,
Albert