Kluska Ta Ƙi Cin Abinci

Tarnów, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Jagoda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina samun sauƙi. Ya jikin? Kina samun barci kuwa? Ɗakin naku da ɗumi? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar kakarki, ita ma ta ce in gaishe ki da kyau.

Tunda sun karɓe wayarki a asibitin, ga ni na koma biro da takarda kamar lokacin da babanki yake soja. Na san kin ce kada in zo, kada kuma in rubuto in dai zancen abinci zan yi. To ba zancen abincinki zan yi ba, na gizo-gizonki Kluska ne, ita kuwa ke kika bar mini amanarta.

Jagusia, kin san ni da gizo-gizo. Duk zamana a kicin ɗin makaranta ban taɓa ganin ɗaya na ƙyale shi ba, tsintsiya ce gaisuwarmu. Yau ga ni ina yi wa ɗaya bauta. Wai wannan ce tarantular da za ta cika tafin hannu in ta girma? Abu bai kai farcen ɗan yatsana ba, a cikin 'yar roba mai huji-huji! Sai na sa tabarau nake ganinta.

Na bi abin da kika nuna mini a gurguje ranar tafiya. Ban sa mata kwanon ruwa ba tunda kin ce za ta nutse. Da sirinji nake ɗiga ruwa a gefe guda na ƙasar, ɗaya gefen in bar shi a bushe. Tsutsar nan kuma na raba ta biyu da wuƙar albasata ina kau da kai, na miƙa rabi da hantsaki. Sai ga ta ta fito daga raminta ta cafke! Ban san lokacin da na yi tafi ba. Kakarki ta leƙo ta ce, "Lucyna, lafiyarki kuwa? Ƙwaro kike wa tafi?" Na ce, "Mama, ƙyale ni, yau dai an samu wanda ya karɓi abinci daga hannuna." Daga nan ta koma ɗakinta.

Ki yi haƙuri, na ce ba zan taɓo zancen ba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Mamanki mai kewarki,
Lucyna

Tarnów, ranar Laraba, bayan kwana tara

'Yata Jagoda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki? Ina fata ma'aikatan suna kula da ke. Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙu, ban da takardun talla ba na samun komai. Ba ƙorafi nake ba, faɗa dai nake.

Ban so in tayar miki da hankali ba, amma ba ni da wanda zan tambaya. Kluska ta daina ci. An fi mako ke nan. In na miƙa tsutsa sai ta ture da ƙafa ta juya mini baya. Cikinta ya yi baƙi yana sheƙi, ta kuma saƙa yanar gizo ta toshe bakin raminta, kamar mai cewa kowa ya kama gabansa. Jagusia, na san wannan rufe ƙofar. Taki ta tuna mini.

Kakarki ta ce gwaiduwar ƙwai ake ba 'yan tsaki in sun yi laushi. Na marmasa mata kaɗan, washegari ta yi hunhuna, na kwashe. Na ce ko tsutsar ce ta gundure ta, ai ko mutum ne kullum abu ɗaya ya gaji. Da na tashi daga aiki na biya shagon dabbobi na ce a ba ni gyare mai rai. Mai shagon ya tambaye ni girmanta, na ce, "Malam, kai dai zaɓo mini mai ƙiba, mara lafiya za a ba." Na jefa mata guda, ya ma fi ta girma. Na bar shi a ciki yana yawo, duk lokacin da yunwa ta kama ta ga shi nan a kusa.

Babanki ya ce in shafa wa kaina lafiya, in ta mutu ya sayo wata, wai ba za ki gane ba. Na ce, "Rysiek, yarinyar da ta san adadin gashin ƙafar abin nan ce ba za ta gane ba?" Kada ki ji haushinsa. Ranar Lahadi ya tuƙa mota har Kraków, ya zauna a bakin asibitinku yana kallon tagogi, ya juyo. Bai faɗa mini ba, a gidan mai aka gan shi.

Likitarki ta ce ƙin cin abincin nan naki ciwo ne kamar kowane ciwo, ba laifin kowa ba ne, kada kuma a kawo abincin gida. Na ji. Amma hannuna bai ji ba. Jiya na tsinci kaina ina murza ƙullun pierogi, dunƙulen fulawar nan da ake cusa wa haɗi, irin masu 'ya'yan itace da kike so kina ƙarama, firji ya cika har ba ya rufuwa. Ni ban iya nuna ƙauna ba sai da faranti, kin sani. In abin da nake ƙauna ya ƙi faranti, ban san inda zan sa hannuwana ba. Tsoro nake ji, 'yata, na Kluska da wanda ba na Kluska ba.

Allah ya ba ki lafiya.

Mamanki,
Lucyna

Tarnów, ranar Asabar da yamma

Jagusia tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da nas ɗin nan mai babbar murya, Allah ya saka mata. Ya jiki? Ke kin san ɓangarenki na abin da ya faru yau, bari in ba ki nawa.

Da safe na ɗauki sirinji na je ba ta ruwa, sai na tarar da ita a wajen rami, kwance a rigingine, ƙafafu a sama, ko motsi babu. Gyaren kuwa yana ta kewaya ta. Wayyo Allah! Na zauna a bakin gadonki na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai ki. Kakarki ta zo ta duba ta ce, "Ta mutu, Lucyna. Ƙwaro in ya juya ciki sama ai shi ke nan, ko kyankyaso haka yake." Na zazzage gidan ashana, na shimfiɗa auduga a ciki, na ce a tukunyar furen tagarki zan binne ta. Hantsaki na hannuna, na buɗe murfin ke nan, waya ta yi ƙara a falo.

Na ɗauka, aka ce, "Maman Jagoda ce? Daga asibiti ne." Kafin in yi tambaya sai ta ce, "Kwantar da hankalinki, lafiyarta lau, ta dai tsaya mini a ka ne. Tunda ta karanta wasiƙarki ta hana ni sakat. Wai ki cire gyaren yanzu-yanzun nan. Wai in kin gan ta a rigingine kada ki kuskura ki taɓa ta, saɓa za ta yi. Baiwar Allah, wai wace ce a rigingine a gidan naku?"

Kafin in amsa sai na jiyo ki daga can baya kina ɗaga murya: "Ki ce mata kada ta ba ta komai! Ta zauna kusa da ita kawai!" Jagusia, rabona da jin muryarki da ƙarfi haka har na manta.

Na jefar da waya na ruga. Gyaren ya riga ya ɗora ƙafa a kanta. Na kai masa hantsaki, ya yi tsalle ya faɗo kan zanen gado, kakarki da gwiwar tata ta bi shi da silifa tana cewa, "Tsaya, ɗan banza!" Ya shige ƙarƙashin kabad, yanzu haka yana can yana mana waƙa.

Daga nan na jawo kujera. Na tusa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina don kada su yi abin da suka saba. Na daɗe ina kallo ba abin da ya faru, har miyata ta ƙone a kicin ban tashi ba. Can sai ƙafa ɗaya ta motsa. A hankali, a hankali, ta dinga zare kanta daga tsohuwar fatar, kamar mai cire safar hannu da ta matse. Ta wahala, ina gani, ba kuma abin da zan iya yi mata. Da ta gama sai ga gizo-gizo biyu a robar, ɗaya fanko, ɗaya fara sol mai laushi, ta kuma fi da girma. Na buga wa mai shagon, ya ce da gyaren ya kai lokacin saɓar a ciki da ya cinye ta da ranta, ya ce in bar ta da ruwa kawai sai jikinta ya yi ƙwari. Ashe abincin da na kai mata ne ya kusa kashe ta.

Na ɗiga mata ruwa a gefe. Ta lallaɓa da kanta ta sha.

Ki huta lafiya.

Mamanki,
Lucyna

Tarnów, ranar Alhamis

'Yata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso. Na karanta a tsaye a bakin akwatin, na sake karantawa a kan bene, babanki ya karɓa ya shiga banɗaki da ita ya daɗe. Kin ce in zo ranar Lahadi, in taho miki da saɓar. Zan zo da jirgin ƙasa na safe.

Kluska tana lafiya, launinta ya fara dawowa. Ban ba ta komai ba tukuna, sai kin ce.

Saɓar tana cikin gidan ashanar nan, a kan audugar da na shimfiɗa don binne ta. Ɗazu na tarar kakarki ta cusa mini robar pierogi a jaka, ta lulluɓe da gyale. Na ciro na mayar firji. Ta ce, "Haka za ki je wa mara lafiya hannu rabbana? Me mutane za su ce?" Na ce, "Su ce abin da za su ce, Mama." Tun da nake ban taɓa fita da jaka sakayau haka ba, har ina ji kamar na manta wani abu.

Ba zan tambaye ki me kika ci ba. In kin ga na tusa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina kada ki yi mini dariya. Zan zauna kusa da ke kawai.

Sai na zo.

Mamanki har kullum,
Lucyna