Sun Ce Ya Kai Musu Kyamarar Ranar Kasuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma da gaggawa nake so, domin jibi ne kasuwar Shinkafi, ni kuwa tsoro ya hana ni tunani mai kyau.

Ni matar aure ce a Ƙaura, ko arba'in ban yi da haihuwa ba. Maigidana direban haya ne, yana jigilar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Bara wani mai babur ya faɗo masa gaba, aka taru a kansa, kowa ya ce shi ne da laifi tunda shi ne mai mota, da ƙyar aka kashe maganar. Tun daga nan ya ƙudurta sai ya sa kyamarar nan ta gaban mota, wai gobe in an yi masa sharri yana da shaida. Ni ma na goyi bayansa, a lokacin tunani ne mai kyau.

Yayansa, Yaya Sani, motar wani Alhaji yake tuƙawa, ita da kyamararta ta zo daga kamfani, tana ɓoye a bayan madubi cikin wata baƙar roba, in ba a nuna maka ba har ka sauka ba za ka san da ita ba. Yaya Sani ya ce masa ya bari a kai motar Gusau a sa masa wadda za a ɓoye ta kamar ta kamfani, tunda hanyarmu ba hanyar nuna abu ba ce. Maigidan nawa kuwa Allah ya yi shi da son a gani, ko sabon takalmi ya saya sai unguwa ta sani. Ya je ya sayo ta kasuwa, wadda ake mannawa a tsakiyar gilashi, wayar caji na reto, wata 'yar jar fitila na ƙiftawa. Suka yi ta musu a tsakar gida, maigidana yana cewa ta kamfani in ta lalace sai Kano, kuma ba ka isa ka taɓa ta ba sai an kira masani, tasa kuwa da yatsa biyu yake zare memori ya sa a waya. Yaya Sani ya ce rana za ta narkar da gam ɗin ta faɗo. Ta yi ta faɗowa kuwa, har sai da ya ɗaure ta da salatif.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ku ba. Sai ya mai da ita abin nishaɗi. Kullum ya dawo sai ya zauna wurin mai shayi a tasha yana nuna wa direbobi bidiyon hanya, ga raƙumi ya ƙi matsawa, ga mai babur ya zube da buhunan gero. Ni kaina na sha dariya. Wata rana yana nuna musu na hanyar Zurmi, sai ga wasu mutane a gindin bishiya kan babura, da abin da kuka sani a kafaɗa, fuskokinsu tar kamar a hoton biki. Shi wallahi bai ma lura da su ba lokacin da ya wuce, idonsa na kan ramuka. Ya ce min dariya ta ɗauke a take, mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna barin shayinsu. A ranar ya goge bidiyon, amma maganar ta riga ta bar tasha.

Daga nan fasinja suka fara gudun kujerar gaba. Mata in za su wuce ta gaban motar sai su ja mayafi su rufe fuska. Wasu 'yan kasuwa da suka shekara suna binsa suka koma cewa za su jira mota ta gaba. Na ce ya cire ta, ya ce in ya cire yanzu za a ce ya kai wa hukuma ne, a sa masa sunan infoma, ku kuwa kun san abin da wannan sunan yake jawowa mutum a nan.

Kasuwar da ta wuce, a hanyar dawowa, wani mutum ya shiga gaba ba tare da gardama ba. Mai natsuwa, har goro ya ba shi. Ya riƙa tambayarsa a hankali kan kyamarar, tana gani daga nesa, tana ɗaukar murya, ina hoton yake zuwa. Da suka kai wani wuri da babu gari babu rugga, ya ce a sauke shi. Ya biya kuɗinsa, ya leƙo ta taga ya ce:

"Direba, wagga aba taka tana gani ƙwarai. Kak ka cire ta, kak ka goge komi. Kasuwa mai zuwa ka tsaya nan, muna son mu ga abin da tag gani. Ka yi ma mai jego barka."

Jama'a, mutumin nan bai taɓa ganinsa ba, amma ya san na haihu. Tun da maigidana ya faɗa min nono ma ya ja baya.

Muka sa memorin a waya muka duba abin da ke ciki. Ashe da an tada mota take fara ɗauka, ba ruwanta. Ga ƙofar gidanmu. Ga lodi a tasha, wane ya ɗora kaya masu yawa, wane ya sayar da shanu ya shiga mota. Ga inda 'yan sa-kai suke tsayawa. Ga gidajen da yake sauke manyan 'yan kasuwa, ƙofa-ƙofa. Abin da ya saya don ya kare kansa ya tattara rabin mutanen da muka sani, kuma shi ake so ya miƙa da hannunsa.

Yaya Sani bai ko ce ai na faɗa maka ba, abin ya wuce nan. Shawararsa ita ce su yi musanyar mota a ranar, maigidana ya tafi da ta Alhaji, ya ce musu tasa tana gareji da kyamarar a ciki. Maigidana ya ƙi. Ya ce ta kasuwa ko ba komai a fili take, in abu ya ɓaci za ka fizge ta ka jefa daji, ta kamfani kuwa a jikin mota take, ba ta fizguwa, in suka gano akwai ɓoyayya bayan ya ce babu, ko kalmar shahada ba za su bari ya ƙarasa ba. Ya je wurin wani dattijo a tasha, tun kafin ya kai ƙarshe dattijon ya ɗaga hannu ya ce shi bai ji komai ba. Na ce wa maigidana a kai wa jami'an tsaro, ya ce ba ka san kunnen da zai ji kafin su ba. Na ce to ya bar hanyar, ya ce abincinmu a kanta yake, kuma wanda ya san mai jego ai ya san gida.

Jiya mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Shi ya tsaya a kan zai sayi sabon memori, ya ɗan ɗauki daji da kwalta ya kai musu. Na ce mutanen da suka ce kar ka goge komai, kana ganin ba su san abin da suke nema ba? Ya ce to in faɗa masa wata dabarar. Ban da ita, sai kuka na yi, shi kuma ya fita ko abinci bai ci ba.

Yanzu ya tafi sallar la'asar, motar tana ƙofar gida, na ajiye hankalina gefe na je na ɓamɓaro kyamarar. Ga ta nan kan cinyata kusa da jaririn, turmi kuma yana tsakar gida. In na daka ta, jibi da me zai tsaya a gabansu? In na mayar da ita ya kai musu yadda take, duk wanda aka bi har gida a cikin mutanen nan da hannunmu a ciki, kuma na san wanda ya kai sau ɗaya ba za su sake shi ba. In mun kwashe mun gudu, iyayensa tsofaffi suna nan.

Direbobin da ke cikin zauren nan, da duk wanda ya san hanyar nan, ku faɗa min abin da za ku so matarku ta yi in ku ne. Kar ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. An kusa sallamewa a masallaci, kuma gilashin motar zai fara kalla in ya dawo.