Na Bugi Hannun Baba Saboda Jan Kiriyon

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina.

Ni magidanci ne, ina sayar da wake a wani gari kusa da Tibiri. Mahaifina malami ne, kuma a zamaninsa babu mai zayyanar allo kamarsa. Idan yaro zai yi saukar Alƙur'ani, tun daga Gidan Sori ake kawo masa allo ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Yanzu tsufa ya ruɗa shi. Sai ya ci tuwo ya ce an bar shi da yunwa, ya tambayi ina innarmu ta je alhali ta daɗe da rasuwa. Da la'asar ta yi kuwa sai ya miƙe ya ce gida zai tafi, yana tsakiyar gidansa, ya yi ta jijjiga ƙofa yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Ƙanwata da ke aiki a asibiti a Agye ita ta kawo masa takardu masu zane da kiriyon, wato fensirori masu launi, irin na 'yan lakol, yaran makarantar boko. Na ce mata, "Ke, mutumin da ya ja mu salla za ki mai da ɗan lakol?" Ta ce, "Yaya, ba warkewa zai yi ba, amma shina kwantar da hankali. Bari dai ka gani." Wallahi na gani. Ya zauna bisa buzunsa yana cika zanen a hankali, yana ɗan gunaguni irin na mai tilawa, la'asar ta zo ta wuce bai tuna da ƙofa ba. Ya koma cin abinci, ya koma barci. Wata rana ma ya kira ni da sunan da yake kirana ina yaro, ya ce in miƙo masa jan. Duk da haka, kun san me nake yi? Da na ji sallamar baƙi sai in yi wuf in tura takardun ƙarƙashin tabarma, kada a ce malam guda yana wasan yara. Kunyar mutane ta fi mini lafiyar ubana.

Takardun suka ƙare. Ƙanwata ta ce in aiko a karɓo wasu, na yi ta cewa gobe. Ranar kasuwa matata ta tafi suna, na dawo na tarar Baba ya buɗe gafakarsa, ya baje warƙoƙin Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, jan kiriyon yana hannunsa yana gogawa. Ban tsaya na duba ba. Na daka masa tsawa, na ce "Kai!", ni na ce wa ubana kai, sannan na bugi bayan hannunsa har kiriyon ya yi tsalle. Na kwashe sauran na watsa a murhu. Bai yi kuka ba. Ya dube ni, ya cusa hannun a hammata, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban ƙarawa." Ya ɗauka ni ne malamin da ya koya masa karatu yana yaro.

Da na zauna tattara warƙoƙin sai na duba su da kyau. Ko harafi ɗaya bai taɓa ba. Gefen takarda kawai ya bi, ya yi masa zayyana irin wadda yake yi wa allunan sauka. Mutumin da ya manta sunan jikokinsa bai manta inda ake tsayawa ba, ni mai hankalin ne ban iya tsayawa ba.

Tun ranar Baba ya juye. Na sayo sabbin kiriyon na ajiye gabansa, ya ɓoye hannuwa. Matata ta lallaɓa shi, sai ya riƙa leƙen ƙofa yana raɗa mata cewa Malam yana zuwa. Ya daina cin abinci sai an matsa, yana yage rigarsa, kuma shekaranjiya wani mai amalanke ya tsinto shi a hanyar gona ba takalmi. Ƙanwata ta bugo waya ta ce, "Yaya, mi ya samu Baba?" Na ce mata ya gaji da zanen ne kawai. Ta ce wataƙila cutar ce ta ci gaba. Na bar ta a haka. Wane irin ɗa ne ni?

Yanzu Baffa, ƙanen Baba, ya ce wannan ba tsufa ba ne, iska ce, kuma ranar Juma'a za a kai shi wurin wani mai magani can wajen Gangara. Na san gidan. Mari ake sa wa marasa lafiya a ƙafa, kuma akwai bulala. Na ce, "Baffa, a ɗan dakata." Ya ce, "Kai ka san abin da ya taɓa shi? In ka sani, hwaɗi." Na sunkuyar da kai. Idan na faɗa, dangi kaf za su ji na ɗaga wa mahaifina hannu, kuma ban san da wane ido zan sake shiga masallacin da ya yi limanci ba. Idan na yi shiru, za a ɗaure tsohon da ya firgita da bugu ɗaya a kai shi inda ake bugu kullum.

Jiya na durƙusa gabansa na kama ƙafarsa, na ce, "Baba, ni ne ɗanka, ka yafe mini." Ya shafa kaina da hannun nan da na buga, ya ce, "Na yahe, Malam. Amma don Allah kada ka hwaɗa ma babana."

Shin wannan yafiya ce, tunda bai san wanda ya yafe wa ba? Juma'a jibi ce, jama'a. Me zan yi?