Kwakwarki Mai Jan Wuya

Assalamu alaiki Hajiya,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Da ranki ma ba karanta takarduna kike ba, sai ki ce rubutuna kamar kaji sun yi dambe.

Gida lafiya. Ɗanmu Nura ya koma Kano bayan addu'ar arba'in. Ina fita kasuwar Masjid India kullum, ina auna yadi, ina dawowa gida Danau Kota da tapau, wato abincin saye, a leda. Ina ci, amma ban san ɗanɗanonsa ba. Mutane suna yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, Hajiya, kawai ban ji komai ba tukuna.

Zancen kwakwarki ne ya sa na ɗauki biro. Wannan ta adon, mai jan wuya, da kika ajiye a tukunya gefen taga, wadda nake ce wa ba 'ya'ya ba inuwa. Ta ƙone. Kuma sanyi ne ya ƙona ta, a garin da ko rigar sanyi ba a sayarwa. Wa zan gaya wa wannan a gida ya yarda?

Ranar da aka kai ki, falo ya cika da masu ta'aziyya, wani ya kunna esi mai sanyaya ɗaki ya kai shi ƙarshe. Suka watse, ni kuma ban kashe ba. Kwana arba'in yana busa mata kai tsaye. Ina zaune ina kallonta kore shar, ina cewa ashe dai zancen ba ta son sanyi rigimarki ce. Sai bayan sati biyu da kashewa ganyen ya fara baƙi daga baki, ya rataye.

Na je wajen tsohon Basinen nan mai kedai, wato shagon furanni. Ya gane ni, ya tambaye ki, na gaya masa. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya ce irin wannan ba ta jure sanyi ko kaɗan, kuma ɓarnar ba ta nunawa nan take, sai ta gama ci ta ciki. Ya ce kar in yanke ganye, in kama tohon tsakiya in ja. In ya riƙe, da sauran rai. In ya zare a hannuna, shi ke nan, don zuciya ɗaya gare ta.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk ranar da kika tafi asibiti, ina kunna esin, in kashe idan na ji motsin makullinki. Kina shigowa ki lulluɓe ta da mayafinki. Kin sani, ko? Kuma da kike cewa kwakwa ba ta son sanyi, ita kaɗai kike nufi, ko har da ƙasusuwanki? Me ya hana ni tambaya?

Yau bayan la'asar na yi bismilla na kama tohon na ja. Bai fito ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, da yatsa biyu na ja, ba yadda mutumin ya nuna min ba. Ba kuma zan sake ba. Na mayar da ita baranda inda ruwan sama ke taɓa ta, ni kuma ina ciki gumi yana ɗiga a takardar nan.

Ki huta lafiya. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Alhaji Sule